Kafin a Zuba wa Kifin Nemo Magani

Ƙannena maza da mata da kuka fara kiwon kifin teku a tankin gilashi, da ku masu tara kuɗin farawa, akwai ranar da ke jiran kowane mai kiwo: ranar da za a zuba abinci kifi ya ƙi tasowa. Ɗan kifin nan mai launin lemo da fararen ɗamara uku, wanda yara suka laƙaba wa suna kifin Nemo tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003, za ku tarar da shi ya rakuɓe a lungu yana haki, ko fatarsa ta yi hazo-hazo. Hankali zai tashi. Kafin ku ankara masu ba da shawara sun yi muku caa, wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce maganin jan ƙarfe, wani ya ce a fasa kafso a zuba a ruwa. Roƙon da nake muku shi ne ku ajiye kwalbar magani tukuna, ku jawo kujera ku zauna gaban tankin.

Mun san halinmu a kan jikinmu. Kai ya sara, sai a aiki yaro kemis a haɗo na maleriya da na taifot da na ƙarin jini, ba gwaji ba komai, sau da yawa kuma Allah ya tsare. Kifin da bai wuce tsawon yatsa ba ba shi da wannan sarari. Kifin teku dare da rana shan ruwan da yake ciki yake yi, da shi kuma yake numfashi, don haka duk abin da kuka zuba ya shiga jikinsa ke nan, babu tofarwa. Maganin da ke kashe wata cuta ba ya ko taɓa wata, wasu magungunan kuma in suka haɗu guba suke zama. Amma ba cewa nake ku naɗe hannu ba. Cikin cututtukan wannan kifi akwai biyu da kan iya gamawa da shi daga wannan asuba zuwa wata. Abin da zai tsare ku daga ɓarnar gaggawa da ɓarnar jinkiri ɗaya ne, ku san abin da kuke kallo.

Wannan sani tun kifi yana da lafiya ake tara shi, domin kifin Nemo yana da ɗabi'un da ke firgita baƙon mai kiwo. Iyonsa da rangaji yake yinsa. In dare ya yi yakan kwanta ta gefe a ƙasan tanki, ko ya yi lamo a saman ruwa kusa da famfo, mutum ya rantse ya mutu, da safe ya gan shi garau. Yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya tare a nan wata da watanni, don ko a teku ba ya nisa da gidansa, wato animoni, dabbar nan mai siffar fure da ke harbin mai taɓa ta amma ba ta cutar da shi. In kuna da biyu, za ku ga ƙaramin yana karkarwa a gaban babban, jikinsa na tsuma. Ladabi yake yi. Kifayen nan duka a maza suke tasowa, wanda ya fi ƙarfi ya rikiɗe ya zama mace, ita ce babba ita ke mulki, karkarwar nan kuwa miƙa wuya ce. Haka kuma baƙaƙen ɗigo kan fito a jikin wanda ke goga jiki da murjani mai harbi, su gushe da kansu. Wanda bai san waɗannan ba shi ne ke ɗura wa lafiyayyen kifi magani.

Ku ajiye ɗan littafi kusa da tanki. Tun yau, kifi na cikin walwala, ku ɗauki bidiyonsa na daƙiƙa 15, ku rage gudun bidiyon, ku ƙirga sau nawa marfin numfashin da ke gefen kansa ya buɗe, ku ninka sau 4, ku rubuta. Ranar da ya kwanta, wannan adadin ne zai faɗa muku gaskiya. In ya kusa ninkawa, matsalar tana wurin numfashi, irin wadda ba a kwana da ita.

Abu na farko da za a zarga ruwa ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan ruwan tanki kam ido bai san komai ba, don ruwa na iya zama tangaran alhali guba ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya. Wasu bakteriya masu amfani da ke zaune jikin duwatsu da matata su ke juya ta ta koma naitirayit, daga nan naitiret, wanda ya fi sauƙin illa. Bakteriyar nan sai ta ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu a sabon tanki. Wanda ya haɗa tanki ranar Asabar ya saka kifi ranar Lahadi, kifinsa zai yi haki, ya ƙi abinci, ya yi ta tasowa sama, duk alamun da za a ɗauka cuta ce, alhali amoniya ce ke ƙona masa wurin numfashi. A ruwan teku ma ta fi dafi, saboda ma'aunin pH ɗinsa yana sama, tsakanin 8.1 da 8.4. Kayan gwaji su za a fara saye kafin kifi. Amoniya sifiri ake so, naitirayit sifiri, naitiret kada ya wuce 20 a ma'aunin gwaji. Gishiri gram 35 a kowace lita, wanda a ma'auni yake nuna 1.025 ko 1.026, kuma gishirin da aka haɗa don tankin teku, na miya ba ya yi. Ku riƙe wannan da kyau: ruwa ke bin iska ya tafi, gishiri yana nan. In ruwa ya ragu, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe, da ruwa marar gishiri ake cikawa, wanda aka cire wa kulorin. Mai cikawa da ruwan gishiri kullum ƙara wa kifinsa azaba yake yi bai sani ba.

Zafin da kifin ke so digiri 24 zuwa 27 ne. Mu da watan Afrilu kan kai mu digiri 40, ga ɗauke wuta, dole mu ɗauki wannan da nauyi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, ruwan gishiri kuma dama bai kai ruwan daɗi riƙewa ba, saboda haka in famfo ya tsaya da tsakar rana kifi na iya shaƙewa cikin 'yan awoyi. Famfon iska mai batir, da fanka mai hura saman ruwa, da robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ruf a jefa ciki, suna ceton rai. Sannan ku tambayi mutanen gida. An fesa maganin sauro a ɗakin? Wani ya tsoma hannu da sabulu ko man shafawa? Yara sun juye abinci don su ga yana ci? Ruwa ba ya tsami banza. In gwaji ya nuna ruwa ne, a canza kwata zuwa rabinsa da sabon haɗi mai zafi ɗaya da gishiri ɗaya, a ƙara iska, a dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa jinyar ke nan gaba ɗaya.

In ruwa lafiya lau yake, tambaya ta gaba ita ce me ya shiga tankin nan cikin makonnin baya. Sabon kifi, sabon dutse, murjani, ko raga da aka ara. Sai ku jira dare, ku kashe fitilar ɗaki da ta tanki, ku haska kifin da tocila ta gefe, a karkace. Hasken da ya zo ta gefe yana tona abin da hasken sama ke ɓoyewa. Ku duba ko abin da ke jikinsa ɗigo ne da za a iya ƙirgawa, ko ƙura ce da ba ta ƙirguwa, ko kuwa yauƙi ne ke saɓulewa.

In yauƙi ne, ku miƙe tsaye. Wannan ita ce Brooklynella, wadda masu kiwo ke kira cutar kifin Nemo don yadda take son sa. Jiří Lom da Ross Nigrelli ne suka bayyana ta a 1970, daga kifayen gidan kallon kifi na New York. Ƙwayar halitta ce mai sel ɗaya da ke kiwo a kan fata da wurin numfashi, kuma a jikin kifin take rabewa biyu, biyun su zama huɗu, ba ta buƙatar sauka ƙasa kafin ta yaɗu. Shi ya sa take da sauri haka. Kifin yana kare kansa da fitar da yauƙi, yauƙin ya yi kauri ya toshe masa numfashi. Za ku ga launinsa ya dusashe, farin abu mai kauri ya taru daga kai zuwa gadon baya yana zarewa zare-zare, fikafikansa a tsuke, yana haki a ƙasa ko a sama. Ta fi kama wanda aka kamo daga teku, cikin kwanakin farko na zuwansa. Jan ƙarfe ba abin dogaro ba ne a kanta. Wanda ya ga fari ya ce ai cutar farin ɗigo ce ya zuba jan ƙarfe, yana jiran magani ya yi aiki kifin zai tafi.

In ƙura ce, ƙanana ƙwarai, mai ɗan sheƙin rawaya in haske ya bi ta kanta, Amyloodinium ce. Ita wurin numfashi take fara kamawa, har kifi kan mutu fatarsa ba ta nuna komai ba. Alamunta numfashi mai tsananin sauri, gudun haske, da tsayawa daidai bakin famfo inda ruwa ke bugowa. Kowace ƙwaya da ta ƙoshi ta faɗi ƙasa tana iya haifar da har 256, don haka cikin 'yan kwanaki sai ta share tanki. Wannan kam jan ƙarfe na kashe ta, haka ma kulorokwin.

Ta ukun ita ta fi yawa, ita ta fi jinkirin kisa, ita kuma ta fi yaudara. Cutar farin ɗigo, Cryptocaryon irritans, wadda Eleanor Brown ta raɗa wa suna a 1951 a Landan. Ɗigon fari ne, girman ƙwayar gishiri, a warwatse a jiki da fikafikai, kifin yana goga jikinsa da dutse amma galibi yana cin abinci. Ku karanta yadda take rayuwa da kyau, don duk hikimar maganinta a nan take. Ƙwayar tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci. Sai ta saki, ta faɗi ƙasa, ta manne da dutse ko yashi ko gilashi, ta rufe kanta da ɓawo mai tauri, ta yi ta rarrabuwa a ciki. Yawanci tsakanin kwana 3 da 28 take fashewa, amma an taɓa ganin wadda ta kai kwana 72. Da ta fashe ƙanana kusan 200 za su fito suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu su mutu. Magani ba ya kai wa ga wadda ke ƙarƙashin fata, ba ya huda ɓawon wadda ke ƙasa. Masu iyon nan kaɗai yake samu.

Kun ga inda yaudarar take. Mutum ya ga ɗigo ranar Litinin, ya jiƙa abinci da tafarnuwa, ranar Juma'a ɗigo ya ɓace, sai ya yi hamdala ya gaya wa abokai tafarnuwa magani ce. Ƙwayar kuwa sauka ta yi ta je haihuwa, bayan mako biyu ta dawo da rundunarta. Tafarnuwa na iya jawo wa kifi sha'awar abinci, iyakarta ke nan. Haka magungunan da ake rubuta wa cewa suna kashe farin ɗigo ba tare da sun taɓa murjani ba, ni ba zan ba ku shawarar ku dogara da su ba, domin abin da ke da ƙarfin kashe wannan ƙwaya yana da ƙarfin kashe murjani da jatan lande.

Akwai abu ɗaya da ke zama gwaji da taimakon gaggawa a lokaci guda, wato wankan ruwan daɗi. Ku sami roba mai duhun launi, ku zuba ruwa marar gishiri marar kulorin, zafinsa daidai da na tanki, ku ɗaga pH ɗinsa da ɗan bakin soda har ya yi daidai, ku sa famfon iska. Ku saka kifin minti 3 zuwa 5, agogo a hannu. Abin da za ku gani zai kaɗa muku hanji: zai yi ɗan zagaye da sauri, sannan ya kwanta ta gefe a ƙasan roba, ya sandare, marfin numfashi kaɗai ke motsi. Ku taɓa wutsiyarsa a hankali. In ya zabura ya miƙe, ku ƙyale shi ya cika lokacinsa. In bai motsa ba, ko ya fara tsalle yana neman fita ba ƙaƙƙautawa, ku mayar da shi ruwan gishiri nan take. Ƙananan ƙwayoyin da ke kan fata ba sa jure ruwan daɗi, suna kumbura su saki. Bayan kun cire shi ku haska ƙasan robar. In kun ga wasu fararen abubuwa shafaffu, girman ƙwayar riɗi, tsutsotsin fata ne da ba a ganinsu a jikin kifi sai sun mutu sun yi fari, kun kuwa gano cutarku. Ga Brooklynella da Amyloodinium, wankan nan yana rage musu yawa ne kifi ya sami numfashi kafin magani ya iso, ba ya warkarwa. Farin ɗigo kuwa yana ƙarƙashin fata, wanka ba ya kai masa.

Jinya ba a yin ta a babban tanki. Duwatsu da yashi suna tsotse jan ƙarfe su hana ku sanin nawa ya rage a ruwa, daga baya su riƙa sakinsa a hankali yana kashe murjani da animoni da dodon koɗi. Garin neman gira a rasa ido. Tankin jinya ba abin tsada ba ne: lita 40, ko babbar robar abinci mai tsabta, ƙasa ba yashi, guntayen bututun roba don kifi ya sami maɓoya, famfon iska, ma'aunin zafi, da murfi don yana tsalle. Ragarsa da bokitinsa daban. Tunda babu isasshiyar bakteriya mai amfani a ciki, kullum sai an gwada amoniya, a tsotse kashi da ragowar abinci, a ajiye haɗaɗɗen ruwa a shirye don canji.

Maganin Brooklynella da aka fi tabbatarwa fomalin ne, mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, wanda ɗaliban kimiyya suka sani a ɗakin gwaji. A zafin ruwa irin na wannan kifi, mililita 1.5 ake sawa a lita 10 na ruwan gishiri, a wata roba daban, kifi ya yi minti 30 zuwa 45 ana kallonsa, famfon iska na aiki sosai don fomalin yana cinye oksijin. Daga nan a kai shi ruwa mai tsabta, kada a mayar da shi inda ya fito. Ana maimaitawa bayan kwana biyu ko uku, har sau da dama. Ba a yi wa kifi mai buɗaɗɗen rauni, kuma in kun ga farin gari ya kwanta a gindin kwalba, ya lalace ya zama guba. Ina roƙonku ku kula da kanku a nan. Fomalin yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, yana ƙona ido da huhu. Safar hannu, taga a buɗe, sirinji don awo, a kulle shi inda yara ba sa kaiwa, kuma wanda bai mallaki hankalin kansa ba ya kira babba. Ko ba fomalin, mai rauni a hannu kada ya tsoma shi a tanki. Akwai bakteriya mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta ƙaramin yanka ta bar ƙurji mai ƙin warkewa. In hakan ta faru ku gaya wa likita kuna kiwon kifi.

Jan ƙarfe kuwa tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe 'yar kaɗan ce, shi ya sa ba a amfani da shi sai da abin gwajinsa. Iri-iri ne. Cupramine ana riƙe shi a miligram 0.5 a kowace lita, Copper Power kuma tsakanin 2.0 da 2.5. Wanda ya ɗauki awon wannan ya yi wa wancan ya kashe kifinsa. A hau da shi a hankali cikin kwana biyu ko fiye, sai in Amyloodinium ce, wadda ba ta ba da wannan lokaci. A gwada kullum. In an canza ruwa, a sa wa sabon ruwan nasa maganin kafin a zuba, domin in awo ya faɗi ƙasa ko na rabin yini ne, masu iyon nan sun sami ƙofa, lissafi ya koma farko. Masu kiwo da dama kwana 30 suke riƙewa. Kada a haɗa Cupramine da magungunan ɗaure amoniya irin su Prime, haɗuwarsu na mayar da jan ƙarfen mai tsananin dafi. In amoniya ta tashi, canjin ruwa ne mafita.

Ga farin ɗigo kaɗai akwai hanyoyi biyu marasa magani. Ɗaya a sauke gishiri zuwa 1.009 cikin kwana biyu, a riƙe shi a nan wata guda, sannan a mayar da shi a hankali ƙwarai. Tana buƙatar ma'auni mai kyau, kuma ba a haɗa ta da jan ƙarfe. Ɗayar ta samo asali daga binciken Angelo Colorni a Eilat, bakin Bahar Maliya: a riƙa ɗauke kifi zuwa sabon tanki mai tsabta duk bayan kwana 3, har sau huɗu, ana wanke tsohon ana busar da shi. Tunda ƙwayar da ta faɗi ba ta fashewa kafin kwana 3, kullum kifi ya bar mata ɗakin kafin 'ya'yanta su fito. Ga wanda samun magani mai inganci ke yi wa wuya, wannan ta fi kwanta mini, don bokiti da gishiri da ƙwazo kawai take ci.

Sauran magungunan sunayensu ba baƙi ba ne a kunnenku. Kulorokwin da iyayenmu suka sha don zazzaɓi, miligram 10 zuwa 15 a lita, yana maganin Amyloodinium da farin ɗigo, sai dai haske na lalata shi kuma babu abin gwada shi a gida. Metronidazol, wato Flagyl, ana gauraya shi da abinci ga kifin da ke ci amma yana ramewa yana jan dogon farin kashi. Farazikwantel da ake raba wa 'yan makaranta don tsargiya shi ke kashe tsutsotsin fata, a maimaita bayan mako guda don ƙwansu ba ya jin magani. Sanin sunan kada ya sa ku daka ƙwayar mutane ku watsa a ruwa da ka. Ku nemi wanda aka haɗa don kifi, ko likitan dabbobi ya auna muku.

Wasu abubuwan ba sa buƙatar komai sai ruwa mai kyau da abinci. Farin tsiro mai gudaji-gudaji a bakin fiffike, wanda ba ya gusawa kuma kifi na harkarsa, bairos ne da ake kira Lymphocystis, yana tafiya da kansa cikin makonni. Ido ɗaya ya kumbura, galibi buguwa ce. Duka biyun, a duba ruwa a yi zargin bakteriya. Yagaggen fiffike da tabo a baki, ku zauna ku ga wa ke cizon wa, ku raba su.

Ga abin da ya fi wuya a gaya wa matashi. In ɗaya daga cikin manyan cututtukan nan uku ta shiga, duk kifayen tanki sai sun fita an yi musu jinya, har masu kama da lafiyayyu, babban tanki kuma ya zauna ba kifi ko ɗaya, don ƙwayoyin su fashe su rasa abin ci su mutu. Mako 6 ga Brooklynella da Amyloodinium, kwana 76 ga farin ɗigo. Murjani da jatan lande suna iya zama, cutar ba ta rayuwa a jikinsu. Wanda ya taɓa yin wannan zaman jira ba sai an roƙe shi ya killace sabon kifi wata guda a tankin jinya kafin ya haɗa shi da sauran ba.

Babu kifin Nemo a tekun Atlantika. Gidansa tekun Indiya da yammacin Fasifik ne, su Indonesiya da Filifin da arewacin Ostareliya, sai ɗan'uwansa mai ɗamara biyu da ke Bahar Maliya, wajen Jidda da Fot Sudan. Duk wanda kuka gani a shago a Legas ko Abuja, ko shi ko iyayensa jirgi ya kawo su cikin leda, bayan doguwar tafiya da yunwa da sauyin ruwa. A wasu wuraren har yau masu kamu na fesa gubar sayanaid a cikin murjani don kifi ya suma, ko da yake dokar Filifin da ta Indonesiya sun hana. Irin wannan kifi kan yi kyau a shago ya mutu bayan makonni, ba maganin da zai tashe shi. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara hayayyafar wannan kifi a Florida, yanzu kuma gonakin kifi na fitar da shi da yawa. Ku tambayi mai shago na gona ne ko na teku, yaushe ya iso, ku ce ya ba shi abinci a gabanku, ku dubi sauran kifayen da ke shan ruwa ɗaya da shi. Animoni kuwa ku bar shi tukuna, kifin na rayuwa lafiya ba tare da shi ba, shi kuma ya fi kifin wuyar riƙo.

Wannan halitta ce da kan wuce shekara 10 a hannun mai kula, wasu har 20. Ba ita ta nemi zuwa ɗakinku ba, kuma daga ranar da kuka rufe ta a gilashi, iskarta da ruwanta da cinta sun rataya a wuyanku. Kun san labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba saki, da abin da ya same ta. In wutar gidanku ba ta tsayawa kuma ba ku da batir ko sola, in kuɗin kayan gwaji da tankin jinya ya fi ƙarfinku a yanzu, ku fara da kifin ruwan daɗi ku koyi hannu. Ba abin kunya ba ne.

Wani lokaci za ku yi komai daidai kuma kifin ya ƙi tashi. In ya kai ba ya iya miƙewa, ba ya ci, magani ya cika lokacinsa ba sauyi, kada ku jefa shi a masai ko kwata da ransa, kada ku sa shi a firiza. Man kanumfari na sa kifi barci. Ku kaɗa kusan rabin mililita da ɗan ruwan ɗumi a kwalba har ya yi fari, ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a lita ɗaya ta ruwan da kifin ke ciki, ku bar shi rabin awa bayan numfashi ya tsaya, sannan ku binne shi. Tankin jinya da raga da bokiti a wanke su da bilic, a ɗauraye sosai, a shanya su bushe ƙarau kafin a sake amfani da su. Ku rubuta alamun da kuka gani da ranakunsu a littafinku, ku sanar da mai shagon don sauran kifayensa. Lissafin kwanakin babban tanki kuma yana farawa ne daga ranar da kifi na ƙarshe ya fita daga ciki.